Rumbun Ruwa: Daga Dusar Ƙanƙara zuwa Dajin Falgore

Bahaushe ya san ƙanƙara tun kaka da kakanni. Ita ce ke zubowa tare da hadarin farkon damina, ta yayyaga ganyen shuka, ta narke kafin yara su gama tsintarta. Amma farar nan mai lulluɓe tsaunukan ƙasashen sanyi, sai ta bakin rediyo da littafi ya ji labarinta, don haka ya aro mata suna daga gindin turmi, ya ce dusar ƙanƙara. Sunan ya dace da siffarta, sai dai ya ɓoye aikinta. Dusa ragowa ce da ake ba dabba; wannan kuwa rumbu ce sukutum.

A tsaunukan Himalaya da na Alfas, ruwan da ya sauka a lokacin sanyi ba ya gangarowa nan take. Daskarewa yake yi ya jira, sai zafi ya shigo ya riƙa narkewa sannu a hankali, yana ciyar da koguna irin su Indus a daidai lokacin da manomi ya fi bukata. Ɗumamar yanayi ta taɓa wannan tsari ta fuska biyu. Abin da a da yake sauka a daskare yanzu yakan sauka a matsayin ruwa, ya wuce. Wanda ya taru kuma yakan narke da wuri, kuma da zarar farin ya yaye, baƙin dutse ya bayyana, sai ya sha zafin rana ya ƙara gaggauta narkewar sauran. A nan Afirka, Dutsen Kilimanjaro ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙanƙarar da aka auna a kansa a 1912.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a kan duwatsun Riruwai, ko da yake a nan ƙasar Kano ta fi tudu. To amma tambayar da ke damun mutumin Himalaya ita ce ke gaban mutumin Doguwa: wa zai riƙe ruwan watanni kaɗan har ya kai ga sauran watannin shekara? A kudancin Kano, daji ne ya daɗe yana wannan aiki. Kogin Kano yana tasowa daga gangaren tsaunukan Jos, ya ratsa Dajin Falgore, wanda ya taɓa ƙasar Doguwa da Tudun Wada da Sumaila. Ganye yana karya ƙarfin ruwan sama, busasshen ganye a ƙasa yana tsare gudunsa, saiwa tana buɗe masa hanya ya nutse, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin rafuka bayan damina ta ɗauke. Dutsen da aka aske wa bishiyoyi da dutsen da ƙanƙararsa ta narke da wuri ciwonsu ɗaya: ambaliya a Agusta, yashi a Maris. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos ya san buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi, ya kuma san ba daga sama suka faɗo ba.

Rumbu na biyu hannun mutum ne ya gina shi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga, a yankin Bebeji, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gasa Arewa. An tsara ta ne ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga gare ta ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ruwanta kuma yana kaiwa matatar Tamburawa mai ba birnin Kano ruwan sha. Sai dai madatsa ba ta haifar da ruwa, ajiya kawai take yi. Faɗin tafkin a buɗe yake ga rana, kuma gwargwadon ƙaruwar zafi, gwargwadon abin da iska ke kwashewa. Ƙasar da ruwa ya zaizayo daga gangaren da aka sare kuwa a gindin tafkin take kwanciya, tana cin gurbin ruwa ba tare da an gani ba.

Akwai kuma sanyin kansa, wanda ba a cika lissafa shi cikin dukiya ba. Harshe ya ware masa kalmomi: hunturu, ɗari, jaura. Ga manomin alkama a Kadawa, waɗannan ba kalmomin hira ba ne. Alkama ana shuka ta ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba domin ta yi ’ya’ya cikin sanyin dare. Idan zafi ya riske ta tana cika ido, ƙwayar sai ta motse. Shi ya sa Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta duƙufa wajen samar da irin alkama mai jure zafi. Manomin Kiru ko Bebeji da ya ce hunturun bana bai yi ƙarfi ba yana iya yin kuskure game da shekara guda, domin shekara ɗaya ba ta zama hujja. Amma abin da yake sa wa ido, wato yawan dararen sanyi tsakanin shuka da girbi, ya yi kama da abin da masu auna ƙanƙara a Alfas suke lura da shi.