Sallamar da Ba a Amsa Ba

A gidaje irin namu kwamfutar cinya ba ta tsufa, gadonta ake yi. Tamu ƙirar 2010 ce, 'yar gwanjo. Da ita na yi digirina, sannan ta koma hannun ƙanwata, wadda ke rubuta kundin bincikenta na shekarar ƙarshe. Ciwonta ɗaya shi ne nawa: sai ka kunna ta, ka yi alwala ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Dalilin kuwa a fili yake. Faifan ajiyarta irin na da ne, mai juyawa sau 5,400 a minti, wanda sai allurarsa ta bi ta lalubo kowane bayani. Shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, a ƙwayoyin lantarki yake adana komai, don haka nan take yake miƙo abin da aka nema.

Saura kwana 9 a karɓi kundin muka sayi SSD. Wani mai gyara ya ɗora masa Windows a kan tasa sabuwar kwamfutar, ya ɗaura shi a tamu. Da aka kunna, sai baƙin allo da layi ɗaya mai cewa ba a sami abin tayar da ita ba. Ya kashe ya kunna sau biyu, ya yanke hukunci cewa injin ya ƙone, a sayi wata. Ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, babi huɗu fa ke ciki." Kuɗin wata kwamfutar kuwa babu su a gidanmu.

Daren nan na bi matsalar daki-daki. Na fara mayar da tsohon faifan. Ta tashi da nawarta da ta saba, babi huɗun kuma suna nan. Ke nan injin lafiyarsa ƙalau. Na sake sa sabon, na danna F2 na shiga BIOS, ɗan shirin nan da ke fara farkawa kafin komai. Na fara zargin zama, domin kaurin SSD milimita 7 ne, gurbin kuwa an yi shi don mai 9.5, yana iya yin sako-sako. Amma ga sunansa a jeri, alamar ya haɗu. Na sa shi a farkon layin abubuwan da ake tayarwa daga gare su, na tabbatar mahaɗar tana kan tsarin AHCI. Duk da haka shiru.

Abin da ya rage shi ne yadda aka tsara faifan kansa, kuma a nan maganar take. Idan tsohon BIOS ya farka, wuri ɗaya kawai yake dosa: baiti 512 na farkon faifai, inda ake ajiye ɗan umarnin da zai nuna masa hanya. Wannan tsari, MBR, tun 1983 ake amfani da shi. Ba ya ɗaukar faifan da ya wuce terabaiti 2, kuma manyan sassa huɗu kacal yake yarda a raba. Kwamfutocin zamani sun koma UEFI, wanda ke tafiya da tsarin GPT, yana kuma neman umarninsa a wani keɓaɓɓen sashe na daban. Mai gyaran a kan sabuwar na'ura ya yi aikinsa, saboda haka faifan ya fito da sabon tsari. Tsohuwar tamu tana zuwa ƙofar da ta sani, tana sallama, ba mai amsawa. Da ita da faifan duk lafiyarsu lau, harshe ne bai zo ɗaya ba.

Washegari na ari kwamfutar wani aboki, na shirya filashi yadda tsohon BIOS zai gane, na goge SSD ɗin na mayar da shi MBR, na sake ɗora Windows. Ta tashi cikin ƙasa da rabin minti. Tsohon faifan kuma na sa shi a ɗan akwati mai igiyar USB, muka kwashe babi huɗun. An miƙa kundin saura kwana biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saurin da aka yi wajen yanke mata hukuncin mutuwa. Duk sanda tsoho da sabo suka kasa jituwa, tsohon muke fara tuhuma, ko na'ura ce ko mutum, alhali sau da yawa tafinta kawai ake buƙata. Mai wadata yana iya jefarwa ya sayo wata. Wanda ba shi da ita dole ya tsaya ya tambayi abin da ya faru, kuma a wannan tsayawar ake samun ilimin da kuɗi kan hana mai shi nema.