Ƙusa a Hancin Jirgi

Mu da muka tashi a Kuje a farkon shekarun 1990, jirgin sama bai taɓa zama baƙo gare mu ba. Filin jirgin Abuja maƙwabcinmu ne, kuma tun da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas a watan Disamba na 1991, sai zirga-zirga ta ƙaru a samaniyarmu. Jiragen fasinja ba su cika ɗaɗa mu da ƙasa ba. Abin da ke sa mu watsar da tallar gyaɗa mu ɗaga kai shi ne jirgin yaƙi, wanda sai ya wuce sa'an nan rugugin nasa ya iso.

Da kaka ta yi, an girbe dawa, sai mu shiga gonaki mu tsinto kara. Mu fere ɓawon da reza, mu yi gangar jiki da totuwa, mu yanko kwalin sukari mu yi fukafukai da wutsiya, mu soke su da tsinke. Daga nan sai mu hau katanga mu wurga. Yawancinsu da sun bar hannu sai su ɗaga hanci sama, su yi tsaye cak, su rikito da baya kamar kazar da aka jefa. Mun daɗe muna ɗora laifin a kan iska, sai ran nan wani daga cikinmu ya cusa ƙusa a hancin nasa jirgin, don kawai ya yi kama da na soja. Jirgin nan ya miƙe sumul har bakin rijiya. Muka kuma gano cewa idan aka ɗan lanƙwasa bakin fukafukan sama, jirgi ya daina karkata. Dalili kuwa ba mu sani ba, ba kuma wanda ya tambaye mu. Abin da muka samu a gida shi ne bulala, saboda rezar Baba da muka dakusar.

Shekaru talatin ke nan, sai ga shi a hutun bana mun tarar da ɗan yayarmu, ɗan aji biyar na sakandare, ya duƙufa a kan waya yana wani wasa mai suna SimplePlanes, inda mutum ke harhaɗa jirgi gaɓa-gaɓa, ya sa masa inji, ya gwada tuƙa shi. Uwarsa ta riga ta kawo mana ƙara, ta ce: "Kai yake jin maganarka, ka karɓe wayar nan, jarrabawa na tafe." Da niyyar karɓewa muka zauna kusa da shi.

"Kawu, duba," in ji shi, "kwana uku ina fama da wannan, da ya tashi sai ya wuntsila."

Muka duba. Jirgin ya ɗaga hanci, ya yi tsaye, ya rikito da baya, sak irin faɗuwar namu na kara. Kafin mu ankara bakinmu ya ce: "Sa masa ƙusa a hanci." Yaro ya yi dariya, amma ya matsar da tankin mai gaba, jirgi ya miƙe. Shi ne kuma ya nuna mana ɗigo biyu masu launi a jikin hoton, ɗaya cibiyar nauyi, ɗaya cibiyar ƙarfin da iska ke ɗaga fukafukai da shi. Muddin ta nauyi na gaba kaɗan, duk sa'ad da iska ta ture hancin jirgi sama, shi da kansa zai komo daidai, wutsiya kuma ta riƙe shi kada ya yi nutso. In ta koma baya, to ƙaramar turawa sai ta haifi babba. Ashe aikin da ƙusarmu ta yi ke nan.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Ya ce jirgin ya natsu, amma ya zama jakin kaya, ba ya juyawa da sauri, kuma jirgin yaƙin da ba ya juyawa nama ne. A nan ilmin katanga ya ƙare. Gaskiyar yaron ce kuwa, domin natsuwa da zafin nama kishiyoyi ne a jikin jirgi, abin da aka ƙara wa ɗaya daga ɗayar aka ɗebo shi. Saboda haka ne maƙeran F-16 na Amurka, wanda samfurinsa ya fara tashi a 1974, suka rage masa natsuwa da gangan, suka sa kwamfuta tsakanin hannun matuƙi da fukafukai, tana gyara kuskure tun kafin mutum ya ji shi a jikinsa. Alpha Jet kuwa, na Faransa da Jamus, wanda Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta saya a farkon shekarun 1980, tun asali don horar da matuƙa aka ƙera shi, shi ya sa aka yi shi mai sauƙin kai. Yaron yana son ya haɗa halayen biyu a jirgi guda, yana ja da ɗigon nan baya kaɗan-kaɗan, yana neman iyakar da jirgi zai yi zafi bai haukace ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, wanda ya fara cusa ƙusar nan bai wuce aji uku ba, yau faci yake yi a bakin hanyar Gwagwalada. Da wani malami ya leƙo katangar nan ya ce mana abin da muke yi yana da suna a littafin kimiyya, wa ya san inda zai kai? Amma ita ma Yaya ba ta yi ƙarya ba, ba a ba da takardar shaida da wasan waya, kuma ita ke biyan kuɗin makaranta da cinikin kayan miya a kasuwar Kuje.

Da magariba ta tambaye mu ina wayar. Muka ce mun yi yarjejeniya da shi: ranakun makaranta waya na hannunta, Asabar da Lahadi tasa ce, da sharaɗin duk jirgin da ya ƙera sai ya rubuta mana lissafin nauyinsa a takarda. Ta dube mu ta ce: "Na aike ka kamun ɓarawo, ka dawo da rabonka." Washegari muka aiki yaron gonar bayan gida ya samo mana kara biyu da kwali, ita kuwa ta ɓoye rezar gidan.