Mu Bakwai a Ɗaki Ɗaya

Jama'a, yau ku yi mini uzuri, ba maganar farashin fetur ko ta 'yan bindiga zan yi ba, duk da na san sai mun biyo ta wajen tsadar rayuwa, don yanzu ko hirar aure aka fara can take ƙarewa. 'Yan ajinmu na Jami'ar Ahmadu Bello, mu da muka shiga a 1990 muka fita a 1995, sun buga mujalla ta cika shekara 30 da kammalawa. Masu lissafi za su ce ya aka yi digirin shekara huɗu ya ci biyar? Ku tambayi manyanku labarin yajin aikin malaman jami'a na 1992 da rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, za su ba ku amsa.

Mujalla dai ta yi kyau, ba zan tauye wa waɗanda suka wahala a kanta haƙƙinsu ba. Shafukan gaba na waɗanda Allah ya ɗaga ne: kwamishinoni, manyan sakatarori, farfesoshi, ga babbar riga ga tumbi, kowa da saƙon taya murnar da ya biya aka buga masa. A tsakiya tsofaffin hotuna ne, kowa wuya siriri kamar mariƙin lema, ka rantse ba su ne mutanen shafin gaba ba. A can baya kuma, bayan tallace-tallace, akwai jerin suna guda biyu da aka buga da ƙananan baƙaƙe. Na farko waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Na biyu waɗanda aka nema aka rasa inda suke.

Ɗakinmu yana da wakili a duka sassan ukun.

A Suleiman Hall muka zauna, a Samaru. Sunan mutum huɗu ne a takarda, amma mu bakwai muke kwana. Sauran ukun 'yan raɓe ne, waɗanda muke ce wa sikwata. Yaran yanzu ba za su gane yadda abin yake ba: mutum zai zo da jakarsa ya ce ɗan garinku ne ya turo shi, zai kwana biyu kafin ya samu wuri, sai ka ga shekara ta ƙare yana nan, har shi ne mai riƙe makulli. Ba wanda ya taɓa tambayar wani kuɗin gado. In dare ya yi a sauke katifa ɗaya ƙasa, a ja tabarma, da asuba a naɗe.

Akwai ɗan birnin Zariya da muke kira Liman, don shi ke tashinmu sallar asuba, in ka ƙi tashi ya yayyafa maka ruwa yana murmushi. Akwai mutumin Katsina mai karatun lissafin kuɗi, wanda ya zo mana a raɓe ba ko katifa. Akwai Bayerabe ɗan Offa da Hausarsa ta fi ta wasunmu karin magana, Sabon Garin Kano aka haife shi. Akwai ɗan Gboko mai kawo mana doya duk dawowa hutu, buhu guda, yana fama da ita tun daga tasha. Sai ɗan Zonkwa, mai karatun ilimin ƙasa, wanda bai cika magana ba amma shi ne mai gyaran duk abin da ya lalace, daga risho har rediyo. Sai ni da wani ɗan Azare da ya bar mu a shekara ta biyu ya tafi aikin kwastan.

Mu ba mu tarar da zamanin kafteriya ba. Yayyenmu ne ke ba mu labarin tikitin abinci da kaza ranar Lahadi, kafin gwamnati ta janye ciyar da ɗalibai a 1984, mu kuwa muna saurare kamar tatsuniya. Namu zamanin na SAP ne, risho da kananzir da tukunya ɗaya. Duk wanda aka aiko wa kuɗi daga gida, ko jiharsu ta biya sukolashif, to ranar ɗaki ya yi salla: garau-garau da manja da yaji, wani lokacin har da kifi. In wata ya yi nisa kuwa, garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a jiƙa tun da rana don ya kumbura. Ɗan Gboko ne ya koya mana sakwara a turmin aro, mu muka koya masa ɗan wake, har ya zo ya fi mu iya kwaɓin. A watan azumi shi da ɗan Zonkwa ne ke ɗora mana kunu kafin mu dawo daga lakca, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya ci abinci a gabanmu da rana ba, alhali ba wanda ya roƙe su. Ranar Lahadi kuma Liman ne ke kashe rediyo ya ce a bar mutane su yi shirin coci.

Ba waya a lokacin, GSM sai 2001. Wasiƙa ce, sai ka je wajen fota ka duba ko da sunanka. In ka ga mutum ya dawo yana shafa ambulan yana sanɗa zuwa bayan gini, to daga Amina Hall ko Ribadu ta fito, ba daga gida ba. Da safe a kama BBC Hausa, da daddare a yi ta musu kan Babangida har wani daga maƙwabta ya buga bango. In an ji Dakta Bala Usman zai yi magana a wani taro, har 'yan kimiyya barin ɗakin gwaji suke su je su tsaya a bakin taga. Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2005.

Amma abin da ya sa na ɗauki wayar nan nake rubutu shi ne watan Mayun 1992.

Waɗanda suka manyanta sun tuna rikicin Zangon Kataf, da yadda wutar ta tsallako Kaduna da Zariya. Ranar da abin ya iso, ɗan Zonkwa ya shiga gari tun da safe neman wani ƙarfe na rediyo. Azahar ta yi bai dawo ba, la'asar ta yi bai dawo ba, labarai kuma sai shigowa suke, kowanne ya fi na baya muni. Muna zaune jugum, sai Liman ya miƙe ya ɗauki hularsa da wata riga ya ce ya san shagon. Mun hana shi, ya ce in shi ne a waje ai da an je nemansa. Ya samu aron Vespa ya fita. A bayan kanta ya tarar da shi, mai shagon ya rufe shi a ciki. Hanyar Samaru ba ta biyuwa a lokacin, ga dokar hana fita, don haka ya sa masa riga da hula ya goya shi zuwa gidansu a cikin birni. Kwana uku ya yi a ɗakin mahaifiyar Liman. Ita da kanta ta ce ba zai kwana a zaure ba, a ɗakinta zai kwana, duk mai nemansa ya fara bi ta kanta. Tun daga ranar ba ta sake kiransa da sunansa ba, sai “ɗana na Zonkwa”. Shi kuma Inna yake ce mata, kuma duk hutu sai ya kawo mata citta da zuma.

Mu da ke ɗaki kwana ukun nan ba mu san ko suna raye ba. Da suka shigo, ɗan Offa da ba ya kuka sai da ya zauna a ƙasa.

Shekara biyu bayan haka muna ɗakin kallo lokacin da Najeriya ta ci Zambiya 2 da 1 ta ɗauki kofin Afirka a Tunisiya, da daren da Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka bayan ya ci Bulgeriya a Amurka. Na tuna Liman a wuyan ɗan Zonkwa, hula ta faɗi, ana zagaye da shi. Wannan hoton babu shi a mujalla, ba mai kyamara a wurin.

To yanzu ga inda muke. Mutumin Katsina da ya zo ba katifa yana shafi na uku, cikakken shafi shi kaɗai, kuma wallahi na yi masa murna, don ya sha wuya kuma har yau in ka kira shi yana ɗauka. Liman yana jerin farko na baya. Ya rasu bara bayan jinya, ya bar mata da 'ya'ya biyar, ya yi shekarunsa yana koyarwa a sakandare. Allah ya gafarta masa, ya sa aljanna ce makoma. Ɗan Zonkwa kuma yana jeri na biyu.

Yadda ya ɓace mana shi ne abin da ya fi ci mini rai. Muna tare da shi a zauren WhatsApp na ajinmu har lokacin zaɓen 2023. Kun dai san yadda zaurukan nan suka koma a lokacin. Mutanen da suka ci tuwo a kwano ɗaya, masu furfura, masu jikoki, suka dinga turo saƙonnin da ba su san wanda ya rubuta ba, wannan ya zagi addinin wancan, wancan ya rama da ƙabila. Liman ya yi ta roƙo a bari, wasunmu ma mun yi, ba a ji ba. Shi ɗan Zonkwa bai ce uffan ba, dama ba mai magana ba ne. Rannan kawai muka ga ya fita. Ba shi kaɗai ba, Musulmi ma da yawa sun fita. Daga baya lambarsa ta daina shiga. Ni a ganina da yawan sunayen da ke jeri na biyun nan ba ɓata suka yi ba, korarsu aka yi da baki, sannan aka zo aka buga cewa an neme su an rasa.

Wani abin kuma, tunda na ce sai mun biyo ta tsadar rayuwa. Na tambayi abin da aka kashe a kan mujalla da liyafar da aka yi, ba zan faɗa a nan ba, amma ya isa ya riƙe yara da yawa a makaranta shekara guda. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ɗalibin da ke zuwa daga Maiduguri ko Sakkwato kuɗin mota kaɗai ya ishe shi tunani. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana ba da naira 20,000 a wata na abinci, an gode, amma duk mai zuwa kasuwa ya san kwana nawa za ta yi. 'Ya'yan masu hali sun koma kama ɗaki a waje, kowa da ƙofarsa da makullinsa, ko kuma jami'o'in kuɗi. Ban ga laifin uban da ya nema wa ɗansa sauƙi ba, amma ina tambayar kaina a ina ɗan Zariya zai kwana a katifa ɗaya da ɗan Zonkwa har ya san shi sanin da zai sa ya fita nemansa ranar tashin hankali.

Babbar 'yar Liman tana aji biyu a jami'a, tana karatun haɗa magunguna. Ni da ɗan Offa da ɗan Gboko da mutumin Katsina mun yi magana, mun ɗauki kuɗin makarantarta da na ɗakin kwana har ta gama, in Allah ya yarda. Ba don a yaba na faɗa ba. Na faɗa ne don jerin farkon nan yana da tsawo, kuma kusan kowane suna a ciki ya bar yara. Shawarata ga shugabannin ajinmu, kowane tsohon ɗaki ya duba nasa mamacin, ya ga wa ya bari. In ɗakin ba mai hali, a kawo maganar zaure, mu ga ko za a turo kuɗi da saurin da ake turo saƙon zagi.

Sai roƙona na ƙarshe, kuma shi ne ainihin dalilin rubutun. Inna tana nan da rai, ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni. Da muka je mata gaisuwar shekara, ta bi muryoyinmu ɗaya bayan ɗaya ta gane kowa, sannan ta ce, “Ina ɗana na Zonkwa? Ko bai ji ɗan'uwansa ya rasu ba?” Muka ce muna nemansa. Ta ce a gaya masa ba ta son citta, shi take son ji.

Ba zan sa sunansa a nan ba don ban nemi izininsa ba, amma duk wanda ya zauna a Suleiman a shekarun nan ya san wanda nake nufi, kuma masu mujalla za su gan shi a jeri na biyu. Labarin ƙarshe da muka samu yana aiki a wajen Kafanchan, wasu kuma sun ce ya koma Jos. Don Allah wanda ya san inda yake, ko ya san wani ɗan'uwansa ko cocin da yake zuwa, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, kada ya sa lamba a fili. 'Yan'uwana na Kudancin Kaduna da Filato da ke bibiyata, ku taimaka ku yaɗa. In kuma kai ne kake karantawa, ba sai ka dawo zaure ba. Gidan yana nan inda ka san shi, ranar Juma'a bayan la'asar ta fi zama a tsakar gida.