K'gari: Kwana Uku A Tsibirin Da Yashi Ya Gina

A gabar gabashin Ostireliya, kimanin kilomita 250 arewa da birnin Birisben na jihar Kwinsland, akwai wani tsibiri mai tsawon kilomita 123, wanda faɗinsa ya kai kilomita 22 a inda ya fi faɗi. In aka ɗauke wasu 'yan duwatsu da ke arewa maso gabashinsa, duk abin da ƙafa za ta taka yashi ne, kuma babu tsibirin yashi da ya kai shi girma a duniya. An daɗe ana kiransa Fraser, sai a watan Yunin 2023 gwamnatin jihar ta mayar masa da sunansa na asali, K'gari, wanda ake furtawa kusan kamar "gari" namu. Sunan na al'ummar Butchulla ne, waɗanda suka shafe dubban shekaru a wurin kafin zuwan Turawa.

Na ziyarci tsibirin ne ta hanyar da matasa 'yan jakar goyo suke bi, wato masu yawon buɗe ido da ƙaramin guzuri. Tafiyar kwana uku ce, ana kwana a tanti. Motoci huɗu muka ɗauka irin waɗanda ƙafafunsu huɗu duka ke ja, kowace da mutum takwas. Ja-gora yana tuƙa ta gaba, sauran ukun kuma mu matafiya muke karɓa-karɓa, muna bin sawunsa. Wannan tsari yana da dalili. A da, kamfanoni kan miƙa wa gungun matasa makullin mota, su lafta kaya a samanta, su kama hanya su kaɗai, alhali wasunsu ba su taɓa tuƙi a kan yashi ba. Motoci sun yi ta kifewa. Bayan haɗurran da suka ci rayukan baƙi a 2009, hukuma ta tsaurara doka a 2010: aka rage yawan fasinja, aka hana ɗora kaya a saman motocin haya. Tun daga wannan bayani na fara fahimtar cewa kusan kowace doka ta tsibirin nan, wata asara ce ta haife ta.

Daga Inskip Point muka shiga jirgin fito, ƙetarawar ba ta wuce minti goma ba. Kafin nan sai da aka rage iskar tayoyi, domin taya mai laushi ta fi shimfiɗuwa a kan yashi, ba ta saurin nutsewa. Da sauka muka hau abin da suke kira babbar hanya, wadda ba komai ba ce illa bakin teku na gabas. Dokokin titi suna aiki a kanta: ba a wuce gudun kilomita 80 a awa, 'yan sanda suna sintiri, ƙananan jiragen sama ma a nan suke sauka, dole mota ta ba su hanya. Amma mai iko na gaskiya a kan hanyar shi ne teku. Sau biyu a kowace rana ruwa yakan cika ya mamaye yashin da ake bi, sannan ya janye. Ja-goranmu bai taɓa rabuwa da takardar lokutan cika da janyewar ruwa ba, kuma ita ce ta yanke mana lokacin tashi daga barci, da na cin abinci, da na komawa sansani. Wanda ya yi gardama da ita, motarsa ce za ta biya.

Da tuƙi ya zo kaina, na ga bambancin yashi da yashi. Wanda ruwa ya janye daga kansa yana da tauri kamar daɓe, mota na tafiya sumul. Busasshen da ke can sama kuwa yana riƙe taya, yana fizgar sitiyari, in ka sassauta ƙafa sai ka kafe. Akwai kuma ƙananan ƙoramu da ke yanko bakin tekun, suna barin gaɓa mai kaifi da ba a hango ta sai an zo daf. Ɗaya daga cikin motocinmu ta kafe a mashigar wata hanya, muka fito mu duka, Bajamushe da 'yar Birazil da ɗan Koriya da ni, muna tona da hannu muna turawa. A wannan rabin awa muka san juna fiye da yadda muka sani a yini guda na gaisuwa.

Wanda ya tashi yana jin rairayi a matsayin alamar hamada, zai sha mamaki idan ya juya zuwa tsakiyar tsibirin. A nan hanyoyin ƙanana ne, masu zurfi, gudu ba ya wuce kilomita 30 a awa, kuma ba a jima ba sai ga mu a cikin kurmi mai duhu, itatuwa sun yi tsawon da sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga ƙarshensu. Duk a kan yashi suka tsiro. Yashin kansa baƙo ne: koguna suka kwaso shi daga tsaunukan kudu, igiyar teku ta yi ta turo shi arewa tsawon dubban ɗaruruwan shekaru, iska ta tara shi tudu a kan tudu, har wasu tuddan suka haura mita 200. Abincin itatuwan kuwa yana zuwa ne daga ganyen da ya zuba ya ruɓe, da wasu ƙananan halittu dangin funfuna da ke manne da saiwoyi suna taimaka musu tsotso abin gina jiki. Ƙasa mai albarkar siririya ce ƙwarai, in aka kware ta, farin yashi ne a ƙasa.

An kuwa kware ta. Daga 1863 har zuwa 1991 ana sare itatuwan tsibirin. Akwai wani itace da ake kira satine, wanda tsutsar ruwan gishiri ba ta iya cinsa, shi ya sa aka yi ta jigilarsa har zuwa mashigin Suwez na Masar da tashoshin jiragen ruwa na Landan. An kuma haƙi ma'adinai daga cikin yashin, sai a 1976 gwamnatin tarayya ta tsayar da aikin bayan doguwar gwagwarmayar masu kare muhalli. Shekara guda bayan an daina sara, a 1992, hukumar UNESCO ta sanya tsibirin cikin wuraren gado na duniya.

Abin da ya fi jan baƙi shi ne tafkuna, waɗanda suka haura ɗari. Mafi shahara shi ne Boorangoora, wanda Turawa suka sa wa McKenzie. Yana can saman tudu, babu ƙoramar da ke shiga cikinsa, babu mai fita. Ganye da yashi ne suka cakuɗe suka daskare a ƙarƙashinsa kamar gindin kwano, ruwan sama ya taru a kai. Ruwan garau yake, yashin gefensa fari fat. Sai dai tafkin da ba ya gudana ba ya wanke kansa, duk abin da mutum ya shiga da shi a jikinsa, man shafawa ko sabulu, a nan zai zauna. Ja-goranmu ya roƙe mu kada mu shafa komai kafin mu shiga, kuma an hana cin abinci a bakin ruwan. Mun je tafkin Wabby, wanda wani tudun yashi ke cinye shi sannu a hankali, muka kuma bi ƙoramar Eli, mai zuba miliyoyin litoci na ruwan daɗi cikin teku a kowace awa. Tekun kansa ba a wanka a cikinsa, saboda kifin shak da ƙarfin ruwa mai ja ciki.

Sansaninmu yana bayan tudun bakin teku, kewaye da shinge. Shingen na dingo ne, wani irin karen daji mai launin ƙasa da suke da kimanin 200 a tsibirin, Butchulla na kiransa wongari. Ganinsa sai ka ce karen gida ne ramamme, kuma wannan kamannin ne ke yaudarar mutane su jefa masa abinci don su ɗauki hoto. Dingon da ya saba da abincin mutum yakan daina tsoron mutum. A 2001 dingo sun kashe yaro ɗan shekara 9 a kusa da Waddy Point, daga baya hukuma ta harbe kusan talatin daga cikinsu. Yanzu ciyar da su laifi ne mai tarar dubban daloli. An umarce mu mu kulle abinci a akwati, kada kowa ya fita shi kaɗai da dare, in mun haɗu da shi kuma kada mu ruga. Da asubar rana ta biyu na ga sawunsa a zagaye da shingen.

Wuta ma ba a hura ta, sai a 'yan wuraren da hukuma ta tanada. A kan murhun gas muka dafa abinci, wasu daga cikinmu suna ƙorafi cewa kwanan daji ba wuta bai cika ba. Ja-gora ya tuna musu da watan Oktoban 2020, lokacin da wutar da wasu masu kwanan daji suka hura ba bisa ƙa'ida ba ta kama daji, ta yi kusan wata biyu tana ci, ta ƙone kimanin hekta 87,000, wato wajen rabin tsibirin. Babu wanda ya sake magana.

A rana ta ƙarshe muka tsaya a gaban gawar jirgin ruwa Maheno. An ƙera shi a Sukotland a 1905, ya yi aikin asibiti a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan guguwa ta jefo shi nan a 1935 lokacin da ake jansa zuwa Japan don a farfasa shi. Kowa ya ɗauki hoto, ja-gora ya ba da tarihinsa tiryan-tiryan. Tarihin masu tsibirin kuwa bai samu minti biyar ba a cikin kwana uku, kuma wannan ne babban abin da na ga ya gaza a irin wannan tafiya. Sunan Fraser ya samo asali ne daga Eliza Fraser, matar wani kyaftin da jirginsu ya nutse a 1836, ta zauna 'yan makonni a hannun Butchulla, ta koma Ingila tana ba da labarin da ya zana su a matsayin mugayen mutanen daji. Labarin ya bi su da sharri. A ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara 'yan asalin ƙasa a sansanin Bogimbah da ke tsibirin, da yawa suka mutu da cuta da yunwa, a 1904 aka kwashe mafi yawan waɗanda suka rage zuwa can arewa mai nisa. Sai a 2014 Kotun Tarayya ta amince da haƙƙin Butchulla a kan ƙasar kakanninsu.

Butchulla suna da dokoki uku da suka gada: a fara duba abin da zai amfani ƙasa, kada a taɓa abin da ba naka ba, wanda yake da yalwa kuma ya raba da wasu. Idan aka duba da kyau, dokar dingo da ta wuta da ta tafki duk suna cikin biyun farko, hukuma ta iso gare su ne bayan an yi asarar rayuka da daji. Dubban ɗaruruwan mutane ke shiga tsibirin kowace shekara, tayoyinsu na bi ta kan ƙananan halittun da ke cikin yashi, suna korar tsuntsayen da ke ƙwai a bakin ruwa, wasu kuma sun ɗauki wurin filin shagali. A ganina lokaci ya yi da za a ƙayyade yawan motocin da ke shiga a lokutan cunkoso, a kuma ƙara yawan ja-gorori daga cikin Butchulla, domin su ba da labarin ƙasarsu da bakinsu.

Ga ɗalibanmu da ke karatu a Ostireliya da duk wanda hali ya kai shi can, tafiyar ta cancanci kuɗinta, gani kuma ya kori ji. Sai dai ya zaɓi ayarin da ke da ja-gora mai kiyaye doka, ya tambayi sunan kowane wuri a harshen masu shi, ya fita da sharar da ya shiga da ita. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Kwana uku za ka yi a K'gari, amma kurmin da ke kan yashin nan ya ɗauki dubban shekaru kafin ya kai inda yake.