Ranar Da Maigida Ya Yi Magana A Kufan Kartaj

 Bari in fara da faɗin gaskiya, ban yi tafiyar nan da son raina ba. Lokacin da maigida ya shigo da labarin cewa an gayyace shi taron malaman jami'a a ƙasar Tunisiya a watan Afrilu na 2019, kuma yana so mu ƙara kwana huɗu a kai don mu zagaya kufan mutanen da, sai na ce masa, "Haba Malam, kuɗin da za mu tara mu yi Umara su ne za mu zubar wajen kallon duwatsu?" Ya yi shiru, kamar yadda ya saba.

Wannan shirun nasa shi ne ciwon da ke cin gidanmu. Shekara shida kafin wannan tafiya, Allah Ya karɓi ɗanmu na uku yana da wata uku a duniya, bayan zazzaɓin kwana biyu. Maza suka ɗauke shi suka kai, ni kuwa ina ɗaki mata na ba ni haƙuri. Tun daga ranar Malam bai sake ambaton sunan yaron ba, ni kuma na ƙulla a raina cewa abin bai dame shi ba. Ina yi masa girki, ina yi masa wanki, ana gaisawa, amma zuciyata ta ja baya da shi. Yaya Babba ce ta tilasta mini na shirya kaya, ta ce matar da mijinta ya nemi rakiyarta ba ta tsayawa lissafi.

Da aka gama taro sai muka hau ƙaramin jirgin ƙasan da ke tashi daga birnin Tunis ya bi bakin teku, ba a daɗe ba muka sauka a Kartaj. A yau unguwa ce ta masu hali, fararen gidaje da furanni, amma kufan tsohon birnin na nan warwatse a tsakaninsu. Muka fara da tudun Birsa, inda wani dattijo ɗan jagora ya karɓe mu, yana yi wa Malam bayani da Larabci, shi kuma yana mayar mini da Hausa.

Ashe mace ake dangantawa da kafa birnin. Mutanen Finiƙiya ne, 'yan kasuwar teku daga garin Sur da ke Labanon ta yanzu, suka kafa shi wajen shekara ta 814 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙarƙashin wata gimbiya mai suna Alisa. Labarin da ake bayarwa shi ne, ta roƙi masu ƙasar su ba ta fili daidai faɗin fatar sa guda, da suka yarda sai ta yanka fatar siri-siri kamar tsirkiya, ta kewaye tudun baki ɗaya. Na yi dariya na ce wa Malam, dabarar mata ba yau ta fara ba.

Birnin ya bunƙasa har ya kara da Rum a yaƙe-yaƙe uku. A na biyun ne sarkin yaƙinsu Hanibal ya ƙetare duwatsun Alps da giwaye a shekara ta 218, ya shiga Italiya. A na ukun kuwa, shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa suka ci birnin, suka ƙone shi, suka sayar da waɗanda suka rage a matsayin bayi. Da suka dawo gina nasu birnin bayan fiye da shekara ɗari, sai suka sare kan tudun suka zuba ƙasar a gefe, wannan ƙasar ce ta binne wata unguwa ta adana ta. Na tsaya ina kallon ƙananan ɗakuna da lunguna da ramukan tara ruwan sama, ina tunanin matar da ta taɓa shara a wannan tsakar gida.

Daga nan muka gangara gidan wankan Antonin da ke bakin teku, wanda Rumawa suka gina a ƙarni na 2 na miladiyya. Abin da ya rage yawanci ginin ƙarƙashin ƙasa ne, inda ma'aikata ke hura wuta don ɗumama ruwa. Ruwan birnin kuwa daga dutsen Zagwan ake janyo shi ta wata magudana mai tsawon kusan kilomita 130. Ni da na baro unguwarmu muna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, sai na rasa bakin magana.

La'asar ta kusa lokacin da muka isa wurin da ake kira Tofet, a unguwar Salambo. Ɗan lambu ne mai inuwa, ba shi da girma, cike da gajerun duwatsu a jere, wasu ko gwiwata ba su kai ba. A 1921 aka gano shi. A ƙarƙashin duwatsun an tono dubban tuluna ɗauke da toka da ƙasusuwan jarirai, wasu kuma na 'yan raguna. A jikin duwatsun akwai rubutun sadaukarwa ga gumakansu, Ba'al Hamon da Tanit. Masana sun rabu biyu: wasu na cewa yanka 'ya'yan ake yi don cika alwashi, kamar yadda marubutan Girka da Rum suka zarge su, wasu kuma na cewa maƙabarta ce ta jariran da suka mutu da kansu ko aka haifa ba rai.

Ban san lokacin da na zauna a kan wani dakali ba. Ba na yi wa gumaka kuka, Allah Ya tsare mu da shirka. Abin da ya karya mini zuciya shi ne, ko ma yaya aka yi, kowane dutse akwai uwar da ta koma gida nono na zuba, hannu ba kowa. Na daɗe kaina a sunkuye, ina jiran in ji Malam ya ce mu tafi.

Sai na ji ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Maman Ummi, kusa da wata bishiyar darbejiya yake, ta gabas da ƙofar maƙabarta. Ni na sa shi da hannuna. Duk Juma'a idan na ce miki na tsaya gaisawa da mutane bayan masallaci, can nake zuwa." Na ɗago na dube shi, gemunsa ya jiƙe. Ya ce tun ranar da ya ga yadda na suma, ya yi wa kansa alkawarin ba zai sake tayar mini da maganar ba, don kada ya fama mini ciwo. Shekara shida ina zarginsa da rashin damuwa, shi kuma yana ɓoye nasa kukan don ya tausaya mini. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya ce shi ne ya kamata ya nemi gafara. A wannan lambun muka kira sunan yaronmu tare, karo na farko tun rasuwarsa, muka yi masa addu'a.

Washegari muka yi salla a masallacin Zaituna da ke tsohon birnin Tunis, inda aka nuna mana ginshiƙan da aka ɗebo daga kufan Kartaj bayan Musulmi sun ci birnin a 698. Muka kuma leƙa Ƙairawan, garin malamin da ya rubuta Risala, littafin da muka karanta a Islamiyya ba tare da na taɓa tunanin zan taka garinsa ba.

Uwargida, ba cewa nake sai kin je Tunisiya ba. Amma idan akwai rashin da ya faru a gidanki, kuma kina ganin maigida ya share, kada ki yanke masa hukunci kamar yadda na yi. An raini mazanmu a kan cewa namiji ba ya kuka, shi ya sa da yawansu ke haɗiye abin har ya zame musu ciwo. Ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ki fara da kanki, ki ambaci sunan.

Yanzu duk Juma'a idan ya dawo, nakan tambaye shi ko ya je, ya ce ya je, darbejiyar ma ta ƙara girma. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa 'ya'yanmu da suka tafi da ƙuruciya su zama masu cetonmu, amin.