KACICI-KACICI: WANE GARI NE WANNAN?

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, wasa za mu yi, irin wanda ake yi a tsakar gida bayan sallar isha. Kun dai san ƙa'ida, wadda aka yi wa kacici-kacici ta kasa, sai ta ba da gari kafin a faɗa mata amsa. To nawa ya zo da sauƙi, domin amsar ita kanta gari ce. Sharaɗi ɗaya ne, kada wadda ta leƙa ƙasan shafi, Allah yana ganinki.

Bismillah. Wani ɗan gari ne a gindin duwatsu, mutanensa na farko a kan dutsen da kewayensa suka zauna. Ya girmi Kaduna nesa ba kusa ba, don ita Kaduna sai a 1917 Turawa suka baro Zungeru suka mayar da ita hedikwatar Arewa, shi kuwa tun kafin 1536 ake sarauta a cikinsa. Daga nan Doka inda nake, wadda ta karya kumallo ta kama hanya za ta je ta dawo ba ta rasa la'asar a gida ba. Wane gari ne?

Na ji wata ta ce Dala. Haba 'yar uwa, Dala ai Kano ta haɗiye shi tuntuni, wa zai kira shi ɗan gari? Mai cewa Kagoro ta yi kudu da yawa, ta bari sai ranar 1 ga Janairu ta je kallon bikin Afan. Wadda kuma ta ce Kajuru na san abin da ya ja ta, hotunan amare ne da ake ɗauka a gidan dutsen nan, alhali wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980, ko iyayenmu sun girme shi.

Bari in ƙara muku haske. Garin nan ya haifi birni, birnin ya girma ya yi jami'a da jirgin ƙasa da fada mai zane a bango, ita kuwa uwar aka bar ta da gonakin masara da dawa. Sunan garin yana manne da sunan wani mai sarauta, duk inda aka ambaci ɗaya sai ɗayan ya biyo. Mai sarautar nan yana da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar aka sa wa birnin sunanta, babbar kuwa doki da takobi ta zaɓa. Idan kin ce Kufena, wallahi kin kusa, har kin taɓa ƙyauren gidan, sai dai Kufena can ne aka koma, ni kuwa inda aka baro nake tambaya.

Kin gaji? To ba ni gari. A'a, riƙe Legas ɗinki, hayaniya ta yi mata yawa. Ba ni Katsina in sha fura. Na karɓa.

Amsa ita ce Turunku, garin Bakwa Turunku, mahaifar Sarauniya Amina kamar yadda tarihin baka na Zazzau ya riƙe.

Yanzu don Allah ku faɗa mini gaskiya, mutum nawa suka ci? Kafin in kawo wasan nan shafi na gwada shi a kan 'yan matan layinmu, har da masu zuwa makarantar Queen Amina da ke Kakuri, kullum sunan yana ɗinke a ƙirjin rigarsu, amma ba wadda ta kawo Turunku a ranta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Turunku ba a bayan duniya take ba, ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, wato Rigasa da Rigachikun da Mando da Jaji duk can ne uwar ɗakinsu. Muna zaune da ita kafaɗa da kafaɗa, amma mun fi sanin sunayen garuruwan Indiya na cikin fim.

Da yayana muka je, don Hajiyarmu cewa ta yi ko kusa ba zan taka ni kaɗai ba. Daga Kawo muka kama titin Zariya, muka wuce Rigachikun da Maraban Jos, can gaba muka saki babban titi muka yi dama, gabas ke nan. Daga nan hayaniyar manyan motoci ta yanke, sai gonaki, sai 'yan babura, sai Fulani da shanu. Garin kashi biyu ne, akwai Turunku Sabuwa, akwai Turunku Tsohuwa, kuma mai neman tarihi Tsohuwa zai nufa. Muka fara gaida manya kamar yadda ya kamata ga baƙo, aka haɗa mu da wani dattijo ya yi mana jagora.

Kada ki je da tunanin za ki ga soraye da bene irin na fim ɗin Amina da aka saki a Netflix a 2021. Abin da ke nan sai mai lura yake gani. Ganuwa ta zaizaye ta koma kamar doguwar kunya, idan ba a nuna miki ba sai ki taka ta ki wuce. A ƙasa kuwa ga tsingaro nan warwatse, gutsattsarin tukwanen da wasu mata suka yi girki da su shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Na ɗauki ɗaya ina jujjuyawa, dattijon ya ce, "'Yata, idan kin gama kallo ki mayar da shi inda kika gan shi." Na ce, "To Baba." Ga kukoki manya-manya, kuma duk Bahaushe ya san inda kuka ta taru a daji, to kufai ne. A nan ne kuma mutanen garin suke nuna wurin da suka gada cewa kabarin Bakwa ne.

Hawan dutsen ne ya kusa fitar mini da rai, gyale a ɗamare, takalmi a hannu. Amma da na kai sama na juya, sai na gane abin da littafin tarihi na makaranta ya kasa fahimtar da ni. Daga can kana hango ƙasa shimfiɗe ta ko'ina, mahayi ba zai taso ba sai ƙurarsa ta riga shi isowa, kafin ya ƙaraso an kora dabbobi cikin ganuwa, mata da yara sun haye. Shi ya sa mutanen da suke son gindin dutse, haka Kanawa suka yi da Dala, haka aka yi a Kwatarkwashi. Sai dai dutse yana ba da tsaro ne, ba ya ƙara ruwa. An ce da jama'a ta yi yawa, fatake suka yawaita, sai ruwan Turunku ya kasa, dalilin ke nan da aka tashi aka yi arewa kimanin kilomita 40 zuwa gindin Kufena, inda Zariya take a yau. A jerin sarakunan Zazzau da ya fara daga Gunguma, Bakwa ne na 22, kuma 1536 ake ba wa hawansa.

Na ce "hawansa", amma ku sani malaman tarihi sun rabu, wasu sun ce Bakwa namiji ne, wasu sun ce mace ce, uwar Amina ce ba ubanta ba. Ita kanta Aminar akwai gardama a kan zamaninta. Lissafin da aka fi koya mana ya ce ta hau a 1576 bayan rasuwar Karama, ta yi shekara 34. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, kun ga tazarar ta fi shekara ɗari. A nan ne aka ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ku da kuke ƙirga ƙwaryar goro a kayan sa rana, sai ku lissafa wannan! Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri a 1812, ya ce ta ci ƙasashe da yaƙi har Kano da Katsina suka biya ta haraji, ta rasu a Atagara.

Saura zancen nan da 'yan mata suka fi so, wai duk garin da ta ci sai ta zaɓi saurayi ta kwana da shi, da asuba a kashe shi. Ni marubuciya ce, na san daɗin irin wannan a labari, amma ban yarda da shi ba. Tsofaffin rubuce-rubucen nan biyu yaƙinta da harajinta da fatauci suka kawo, ba su kawo wannan ba. A ganina mutane ne suka kasa haƙuri da macen da ta jagoranci maza, sai da suka nemo mata abin faɗa, kamar yadda har gobe ake yi wa yarinyar da ta yi fice a unguwa. Abin da ta bari da ake iya taɓawa da hannu shi ne ganuwa, har yau a garuruwa da yawa ganuwar Amina ake cewa.

Ita ma ganuwar ta Turunku kowace damina sai ta ragu, ruwa yana ci, garma tana ci. Wadda take son gani da idonta kada ta yi ta jira. Ku roƙi malamin tarihinku ya shirya muku ziyara da izinin iyaye, a tafi da rani kuma da safe, a fara tambayar lafiyar hanya, don ba mu manta da ɗaliban da aka sace a Afaka a 2021 ba, kuma duk Igabi ce. A sa takalmi mara tsini, a riƙe ruwa, a riƙe ɗan goron dattawa. Wadda ba ta samu zuwa ba ta leƙa Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, nan kusa da mu, inda marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya yi aiki, shi ne ya yi rubutu a kan sarakunan Zazzau na Haɓe a 1970.

Ga na fitowa ta gaba, ku kwana da shi. Gari ne a ƙwanƙolin dutse kusa da iyakar Kamaru, hanyarsa shimfiɗe da duwatsu tun daga ƙasa har ƙofar fada, sarkinsa ba a ce masa sarki sai Hidi, mutanensa sun shahara da narka tama, kuma a 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya, na farko a Nijeriya. Wadda ta sani ta aiko wa edita, wadda ta kasa ta tanadi garin da za ta ba ni, amma ban da Legas.