Zaɓen Ƙarfen Kofin Dabo

Daga cikin sana'o'in nishaɗi na Bahaushe, dabo na cikin waɗanda manazarta ba su cika waiwaya ba. Ana yawan magana a kan dambe da kokawa da wasan 'yan tauri da na gardawa, amma mai dabo, wanda kan shimfiɗa buhu a gefen kasuwa ya ɓatar da abu sannan ya dawo da shi, kallonsa kawai ake yi a wuce. Alhali kuwa sana'arsa tana da ƙa'idoji, kuma kamar kowace sana'a, rabin nasararta ya rataya ne a kan kayan aiki.

Akwai wani dattijo mai dabo da ke bin kasuwannin da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Babban wasansa shi ne na kofi uku. Yakan kife su a jere, ya nuna wa jama'a ƙananan ƙwallo uku, sai a ga ƙwallon da ya sa a ƙarƙashin na dama ya ɓullo a ƙarƙashin na hagu, a ƙarshe kuma ya ɗaga kofi a tarar da lemun tsami. Babu aljani a cikin lamarin, babu tsafi. Akwai ƙwallo na huɗu da mai kallo bai san da shi ba, sauran aikin kuwa na saurin hannu ne da iya karkatar da hankali. Wasan ba sabo ba ne a duniya. Seneka, masanin falsafar Rumawa da ya rasu a shekara ta 65 Miladiyya, ya ambaci masu yin sa da kofuna da tsakuwa a cikin wasiƙunsa.

Kofunan dattijon gadonsu ya yi daga ubangidansa. Da bakin ɗaya ya tsage, sai ya zamana dole a sake duka ukun, domin kofunan dabo tamkar 'yan uku suke. Tilas girmansu ya zo ɗaya, kowanne ya iya hawa kan ɗan'uwansa, a kuma sami ɗan sarari a tsakani inda ƙwallo zai fake ba tare da an matse shi ba. Daga nan ne tambayar ta taso: da wane ƙarfe za a yi sababbin?

Ɗansa, wanda ke riƙe masa jaka yana koyon sana'ar, shi ya fara kawo shawara. Ya ce, "Baba, ga kofunan silba nan jibge a kasuwa, ga araha ga ƙyalli. Me zai kai mu wurin maƙera?" Dattijon ya ce, "Yaro, araha ba ta ado. Ɗauko ɗaya ka kife shi a gabana." Lokacin kuwa hunturu ne. Kafin yaron ya janye hannunsa, iska ta taɓa kofin ya gusa. Dattijon ya ce, "Da akwai ƙwallo a ƙarƙashinsa, da yau abincinmu ya ƙare a kasuwar nan."

Abin da dattijon ya sani da hannu, kimiyya ta tabbatar da shi da awo. Nauyin sanholo, wato alminiyum, giram 2.7 ne a kowace santimita kwibik, na tagulla kuwa kimanin giram 8.5. Ma'ana, idan aka yi kofi biyu masu girma da kauri ɗaya, na tagulla zai ninka na sanholo nauyi fiye da sau uku. Kofi mai nauyi yakan zauna daram inda aka ajiye shi, ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Sanholo kuma yana saurin lanƙwasa, da zarar bakinsa ya karkace ba zai sake hawa kan ɗan'uwansa daidai ba.

Baƙin ƙarfe yana da nauyi, ga sauƙin samu, amma tsatsa ce abokiyar gabarsa. Gumin hannu da laimar damina sukan cinye shi, ya riƙa ɓata tafin hannu da ƙwallo, ƙwallon da ya sami tabo kuwa ya zama abin ganewa. Azurfa ta fi duka kyau, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin mai dabon ƙauye, kuma takan ja idon ɓarawo kafin na mai kallo. Farin ƙarfen zamani da ba ya tsatsa yana da nasa aibin: ƙyallinsa kamar madubi ne, yana iya hasko abin da ke ɓoye a tafin hannu ga yaron da ke tsugune a gefe. Jan ƙarfe zalla yana da nauyin da ake so, amma ya fi tagulla taushi. Ita tagulla gauraye ce ta jan ƙarfe da tutiya, gaurayen ne ya ƙara mata tauri.

Bayan nauyi sai ƙara. Ƙarfe mai kauri kaɗan yana da surutu, ko ƙwayar gero ta faɗa masa sai ya amsa. Mai dabo yana son kofin da zai yi ƙara idan ya buge shi da sanda, domin jama'a su tabbatar babu komai a ciki, ya kuma yi shiru lokacin da ƙwallo ke sauka a ɓoye. Don haka ne dattijon ba ya amfani da ƙodagon goruba ko tsakuwa, sai auduga da aka dunƙule aka ɗinke cikin ƙyalle. Akwai kuma batun zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, kowane ƙarfe kuma aka bar shi a rana zai ƙona yatsu. Maganin wannan ba ya wurin maƙeri, sai dai a nemi inuwar dogon-yaro.

Da ya gama auna waɗannan duka, dattijon ya hau mota zuwa Sakkwato, ya nufi unguwar Maƙera Assada. Bai tsaya wurin maƙeran baƙi masu garma da lauje ba, ya nemi maƙerin fari, domin tagulla da azurfa aikinsu ne. Ya sa aka yi masa kofi uku na tagulla, bakinsu a naɗe, gindinsu da ɗan lotsawa yadda ƙwallo zai zauna a kai. Kuɗin ya cinye masa abin da ya tara a kasuwanni da dama, amma bai yi ciniki mai tsawo ba.

Abu ɗaya ya ƙi. Maƙerin ya ce masa, "Malam, in kana so sai in kafa maka mayen ƙarfe a gindin ɗaya, tunda ba ya kama tagulla, ba mai ganewa." Wannan dabara sananniya ce a wurin masu dabon Turai da Amurka. Dattijon ya ce, "Allah shi saka, amma bar shi. Nakan miƙa wa mutane kofina su duba, ba na son ranar da zan ji tsoron miƙawa." A ganinsa, bambancin mai dabo da ɗan damfara yana nan ne: mai kallo ya san wasa ake yi masa, kuma abin da ya jefa a kan buhu kyauta ce, ba kuɗin caca ba. Wannan iyaka ta daɗe tana damun mutane. A wani zane da ake danganta wa Hiyeronimus Bosh na ƙasar Holan, wanda aka yi wajen shekarar 1502, an nuna mai wasan kofi ya ɗauke hankalin wani mutum, ɓarawo kuma na zare masa jakar kuɗi ta baya.

Sababbin kofunan sun zo suna walƙiya, ɗan ya yi murna. Bayan 'yan watanni suka dushe suka yi duhu, sai ya ɗauko toka da lemun tsami zai goge su. Dattijon ya hana shi, domin dushewar nan ita ce ke kashe ƙyallin da zai iya tona asiri. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Garin Shagari ya fitar da malamin makaranta da ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983, wato Alhaji Shehu Shagari, don haka darajar koyarwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Malami da mai dabo duk suna tsayawa a gaban idanu masu yawa da 'yan kaya a hannu, sai dai ɗaya ɓoyewa yake yi, ɗaya kuma bayyanawa. Amma tambayar da sukan yi wa kayan aikinsu iri ɗaya ce: shin abin nan zai jure wa iskar wurin da ƙurarsa da hannuwan yara, ko kuwa a kanti kawai yake da kyau?